Auna Yaro Kafin Ka Buɗe Littafi: Yadda Malami a Sudan Zai Binciki Ajinsa da Kansa

Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke a Khartum, lambar da ke rubuce a ƙofar aji ta daina nuna abin da yaran da ke ciki suka iya. A watan Oktoba na shekarar, UNICEF da Save the Children suka ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a faɗin Sudan. Makarantu da yawa a Gadarif da Kassala da Sannar sun koma masaukin waɗanda suka gudo daga Khartum, sannan daga Madani a Disambar 2023. Wasu daga cikin 'ya'yanmu ma karatunsu ya riga ya tsinke tun rikicin yankin Damazin da Rusairis na 2022. Yanzu duk inda aka samu aka buɗe makaranta, sai ka tarar da yaro ɗan shekara goma sha ɗaya a aji huɗu, an ajiye masa littafin aji huɗu, alhali rabonsa da haɗa baƙi da wasali tun yana aji ɗaya. Kusa da shi kuma ga wata yarinya da yayarta ta riƙa koya mata a gida, tana karanta shafi ba gargada. Malami ɗaya, darasi ɗaya, an ce ya kai su duka gaba.

Na rubuta wannan ne domin masu koyar da 'ya'yan Hausawa a ƙananan azuzuwa, ko a makarantar gwamnati, ko a rumfar da 'yan unguwa suka kafa, ko a halwa, wato makarantar allo, inda ake ƙara wa almajirai karatun zamani da yamma. Zan riƙa cewa "ka", amma ustaza, har da ke nake. Maganata ita ce, kana iya gano ko wata hanyar koyarwa tana ci a kan yaranka ko ba ta ci, da hujjar da ka tattara da hannunka. Ba sai da kwamfuta ba, ba sai da kuɗin ƙungiya ba. Littafin rubutu guda, biro, 'yan takardu, abokin aiki mai faɗin gaskiya, da mako takwas zuwa goma, sun wadatar.

Tsayar da tambaya guda

A 1946 Kurt Lewin ya bayyana irin binciken da mai aiki ke yi a kan aikinsa: ya tsara, ya aikata, ya duba abin da ya fito, ya gyara, ya sake zagayowa. Malamai sun daɗe suna amfani da wannan tsari, kuma inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen tambaya. "Me ya sa yarana ba sa ganewa?" kuka ne kawai, ba ta da inda za a kama ta. Tambayar da za ta yi maka aiki sai ta faɗi su wa ake magana, me za a canza, kuma me za a ƙirga a ƙarshe. Misali: "Idan na riƙa bayyana ma'anar sababbin kalmomi da Hausa na minti biyar kafin a karanta labari da Larabci, shin bayan mako shida yaran da ke iya amsa tambaya a kan labarin za su ƙaru?" Rubuta ta a shafin farko na littafinka, kada kuma ka sake ta a tsakiyar hanya.

Sai ka duba lokaci. A ƙasar Gadarif, in yankan riɗi ya kama wajen Oktoba, aji yakan rage sosai, kuma a tsakiyar damina laka kan hana na nesa isowa. Azumi da hutun sallah su ma suna tsinka aiki. Nemi makonni da suke jere ba yankewa. Sanar da mudir, wato shugaban makaranta, sanar da iyaye, in a halwa ne ka fara da shehin da ke riƙe da ita. Faɗa musu ƙarara cewa ba jarrabawar kora ba ce, kuma ba sunan yaron da zai fita. Ba kowane yaro lamba, ka ajiye takardar da ta haɗa suna da lamba a wurinka kai kaɗai. A halin da ake ciki, takarda mai ɗauke da sunayen yara da garuruwan da suka fito ba abin yawo da ita ba ce.

Haɗa ma'auni

Ma'aunin da na fi amincewa da shi ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne irin wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ke amfani da shi tun 2005 a binciken da ake kira ASER, inda ake bi ƙauye-ƙauye, gida-gida, ana sauraren karatun yara ɗaya bayan ɗaya. Takarda ce guda mai hawa huɗu: haruffa, kalmomi, gajeren sakin layi daidai aji ɗaya, da labari daidai aji biyu. Wanda bai kai ga haruffa ba shi ne mafari, don haka matakan sun zama biyar.

Yi taka da Larabci, tunda da shi ake koyarwa. Rubuta haruffa goma a warwatse, ba bisa jerin alif, ba, ta ba, domin yaro yana iya rera jerin da ka bai san harafi ko ɗaya ba. Rubuta kalmomi goma gajeru, na abin da yake gani kullum. Rubuta jimloli huɗu masu sauƙi, sannan labari mai kalmomi sittin ko kusa da haka, da tambayoyi biyu a kansa. Sa wasulla cikakku a duka. Binciken da Salim Abu-Rabia ya yi a shekarun 1990 ya nuna cewa wasali yana taimakon mai karatun Larabci wajen faɗin kalma daidai da kuma fahimta, ba ga mai rauni kaɗai ba har da gwani. Kada ka cire wa yaro sandar da yake dogarawa sannan ka ce ka auna tafiyarsa.

Abu ɗaya da ya shafe mu musamman: kada ka ɗauko komai daga littafin aji, ko gajerun surori, ko addu'o'in da aka saba. 'Ya'yanmu suna da ƙarfin hadda. Yaron halwa zai ga kalmar farko ya kwarara sauran da ka, kai kuma ka rubuta cewa ya iya karatu. Ƙirƙiri labarin da kanka: yarinya ta je ɗibar ruwa, akuya ta ɓata, kaka ta dawo daga kasuwa. Kuma tun yanzu ka yi takarda biyu masu nauyi ɗaya, ta farko don aunawar farko, ta biyu ka ɓoye ta sai ƙarshe.

Na lissafi ma haka yake hawa: gane lamba daga 1 zuwa 9, gane lamba daga 10 zuwa 99, ɗebewa mai aro kamar a cire 28 daga 63, sannan raba lamba mai gida uku da mai gida ɗaya. Rubuta su da lambobin da ke cikin littattafan makarantun Sudan, waɗanda yaron zai ci gaba da gani.

Zauna da yaro ɗaya-ɗaya

Nemi inuwa nesa da kunnen sauran, ajiye bulala inda ba zai gan ta ba, ka gaishe shi da Hausa, ka tambayi mutanen gida. Yaron da ya kwana yana jin ƙarar bindiga ba ya buƙatar tsawa kafin ya rikice, kuma in ya rikice tsoronsa ka auna, ba karatunsa ba.

Fara da sakin layi. In ya karanta shi kamar mai magana, kurensa bai wuce uku ba, kai shi ga labari. In yana tsinta kalma-kalma ko ya tsaya cik, sauko da shi ga kalmomi, ya zaɓi biyar da kansa. In ya sami huɗu, matakinsa kalma ne. In ya kasa, sauko ga haruffa, su ma biyar, a nemi huɗu. Rubuta mataki mafi girma da ya tsallake. Kada ka taya shi, kada ka gyara masa, ko da bakinka na ƙaiƙayi. Yaro guda yakan ci kamar minti biyar, wato aji mai yara sittin awa biyar ke nan, sai ka raba shi kwana uku ko huɗu.

Idan ya gama labari, yi masa tambayoyin da Larabci. In ya yi shiru, maimaita da Hausa, ka bar shi ya amsa da Hausa, ka rubuta da wane harshe ya amsa. Wannan ɗan layi da za ka ƙara a takardarka shi zai raba maka yara uku da ake yawan cakuɗawa: wanda bai iya fitar da kalma ba, wanda yake fitarwa sarai amma bai san me take nufi ba, da wanda ya gane amma Larabcin mayar da amsa ne ba shi da shi. Kowanne maganinsa daban.

Karanta kuren da suka yi

Nan ne na fi so ka daɗe, domin kure ba banza yake zuwa ba. Yaronmu yana tsakanin harsuna uku: Hausar gida, Larabcin kasuwa da wasa, da Larabcin littafi. Kowanne yana barin sawunsa.

Duba yaron da ke kiran "fa" da sunan "ƙaf". Kafin ka ce bai san harafi ba, tambaye shi inda ya yi babbaƙu. A rubutun Magaribi da malamanmu na allo suka gada tare da ruwayar Warshu, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A littafin makaranta kuwa fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu gare ta. Yaron daidai ya karanta bisa abin da aka koya masa. Minti goma na nuna masa rubutun biyu gefe da gefe sun ishe shi, alhali in ka mayar da shi rukunin mafara ka ɓata masa wata guda, ka kuma karya masa zuciya.

Akwai kuma sautukan da babu su a Hausa. Yaro zai furta "sa" mai ɗigo uku kamar sin, "zal" kamar zai, "ha" ta maƙogwaro kamar ha mai sauƙi, wani kuma ya mai da "dad" lam kamar yadda kakanninmu suka yi. A ɗaya gefen, Larabcin titi a Sudan yana mai da ƙaf "ga", kuma da yawa suna cakuɗa ta da "gain" in sun zo karatun littafi. A wannan aunawar, in ka tabbata yaro ya gane harafin, lafazi ne kawai ya karkace, ba shi makinsa, ka rubuta lafazin a gefe don ka yi aikinsa daban. Gyaran lafazi wajibi ne, musamman ga mai karatun Alƙur'ani, amma ba shi ne tambayar yau ba.

A lissafi, lura da masu juya lamba. Bahaushe yana faɗin gomiya kafin ɗaiɗai: ashirin da biyar. Balarabe yana fara da ɗaiɗai: hamsa wa ishrin. Yaron da ya ji biyar da farko yakan ajiye ta a gidan gomiya, 25 ta koma 52. In ka faɗa masa lambar da Hausa ya rubuta daidai, ka san ba lissafi ne ya gagare shi ba. Abin farin ciki, gomiyoyinmu daga ashirin zuwa sama daga Larabci muka aro su, don haka gadar a gine take, nuna masa kawai za ka yi. Sai kuma masu rikita bakwai da takwas, tunda ɗaya kifaffiyar ɗaya ce a rubutun, da biyu da shida.

Kammala da jadawali mai sauƙi: yara nawa a kowane mataki, maza nawa, mata nawa. Shi ne mafarinka, da shi za ka gwada komai nan gaba.

Raba su bisa abin da suka iya

Ware awa guda kowace rana, daga Lahadi zuwa Alhamis, da za a manta da aji nawa yaro yake, a zauna bisa mataki: mafara da masu haruffa wuri guda, masu kalma da sakin layi wuri guda, masu labari wuri guda. Na fi son a yi ta da safe kafin hutun fatur, wato na karin kumallo, lokacin da kai bai yi zafi ba. In kai kaɗai ne, ba masu labari aikin da za su yi bibbiyu, kai ka zauna da na ƙasa.

Wannan ba sai ka sake gwada shi ba, hujjarsa ta yi ƙarfi. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel ta tattalin arziki tare da Michael Kremer a 2019, sun shafe shekaru suna gwada tsarin tare da Pratham. A jihar Uttar Pradesh ta Indiya, zaman karatu na kwana goma-goma ko ashirin-ashirin, da jimillarsa bai wuce kwana hamsin ba, ya ɗaga yara da yawa daga rashin iya komai zuwa karanta sakin layi. A yammacin Kenya ma, a wani gwaji da ya shafi makarantu 121, raba yara bisa matakinsu ya amfani na sama da na ƙasa baki ɗaya. Amma ga abin da ya fi dacewa ka riƙe. A jihohin Bihar da Uttarakhand na Indiya an horar da malamai, an ba su kayan aiki, sakamako bai motsa ba a cikin zangon karatu, saboda malaman sun koma tseren gama manhaja. Sai a jihar Haryana, inda aka keɓe awa ta musamman a jadawalin makaranta, aka kuma sa jami'ai suna zagayawa suna taimaka wa malamai, aka ga canji. Saboda haka ka sa mudir ya rubuta awar nan a jadawali da hannunsa. In ba haka ba, ranar da mai duba makarantu ya tambayi shafi nawa aka kai, ita za ta fara tafiya.

Kula da mutuncin manyan yara. Budurwa 'yar sha uku da aka zaunar da ita cikin 'yan shekara bakwai tana iya daina zuwa, gida kuma ba za a rasa aikin ba ta ba. Haɗa manya wuri guda ko da matakinsu ƙasa ne, sa wa rukunoni sunan da ba ya nuna daraja, kuma duk wanda ya tsallake mataki a ɗaga shi a makon, kada a jira ƙarshen zango.

Zaɓi abu ɗaya da za ka gwada

Ɗaya tak. In ka canza abu uku a lokaci guda aka ga ci gaba, ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

Na farko da zan ba ka shawara shi ne tishe ba tare da duba takarda ba. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa abin da aka koya yana zubewa da sauri a kwanakin farko, kuma maimaitawar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗalibai a Amurka wani rubutu. Wasu suka karanta shi a zama huɗu, wasu suka karanta a zama ɗaya sannan aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Bayan minti biyar masu yawan karantawa ne a gaba. Bayan mako guda lamarin ya juye: masu tunowa sun riƙe kashi 61 cikin ɗari, masu sake karantawa kashi 40. Alarammomi sun san wannan tun kafin a rubuta shi. Ba a cewa sura ta zauna sai an kife allo an kawo ta da ka, kuma ba a barin tilawar baya don an yi ƙari. Abin da ya rage shi ne mu kawo wannan tarbiyya cikin darasin karatu da lissafi. Minti bakwai na farkon awa, littattafai a rufe, tambayoyi biyar: biyu daga jiya, biyu daga makon jiya, ɗaya daga watan jiya. Kowa ya rubuta amsa, a gyara nan take, ba maki, ba duka.

Na biyu shi ne Hausa a matsayin gada. Akwai malaman da ke ganin furta kalmar Hausa a aji kasawa ce, akwai iyayen da ke tsoron za ta hana 'ya'yansu Larabci, kuma na fahimci tsoron, domin da Larabci za a rubuta jarrabawa, da shi za a nemi aiki. Amma tun 1953 UNESCO ta ba da shawarar a fara koyar da yaro da harshen gidansu. A Najeriya, gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, ya nuna ba su koma baya a Turanci ba. Nijar ma ta buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Kai ba manhaja za ka sauya ba. Kafin a buɗe labari, ɗauki kalmomi biyar masu wuya, ka faɗi ma'anarsu da Hausa, ka bar yara su tattauna abin da suke zaton zai faru, sannan a koma Larabci a karanta, a amsa, a rubuta. Tsayar da minti nawa za a yi, ka tsaya a kansu. In ajin gauraye ne da yaran da ba sa jin Hausa, bari kowane gungu ya yi tattaunawar da harshen da ya fi iyawa, kada gyara ya zama wariya.

Akwai wasu biyu masu sauƙi. Mary Budd Rowe ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai sukan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma in suka kai daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi kan yi tsawo, yaran da ba sa magana su fara. Ga yaron da sai ya juya tambaya zuwa Hausa a ransa kafin ya nemo amsa, daƙiƙa ɗaya zalunci ne. Haɗa wannan da allo: kowa ya rubuta amsa a allonsa ko guntun kwali, a ɗaga lokaci guda, ka ga ajin gaba ɗaya maimakon hannuwa biyar ɗin da suka saba tashi. Na ƙarshe, gyara da magana a maimakon maki. Ruth Butler ta nuna a 1988 cewa yaran da aka rubuta musu abin da za su gyara kawai sun inganta, waɗanda aka haɗa musu da maki kuwa ba su fi waɗanda aka ba maki zalla ba, don idonsu kan lambar yake tsayawa.

Ajiye waɗanda za ka gwada da su

Manomin Gadarif da aka kawo wa sabon irin dawa ba ya shuka shi a gona duka. Yakan ware gefe guda, ya bar tsohon iri a ɗaya gefen, ruwa ɗaya, ƙasa ɗaya, sai kaka ta raba gardama. Haka za ka yi, domin yara za su ci gaba cikin mako shida ko ka canza wani abu ko ba ka canza ba, tunda sun dawo makaranta. Abin da kake nema shi ne ƙarin da sabuwar hanyar ta kawo.

Kada ka zaɓi yaran da hannunka, zuciya za ta karkata ga masu ƙoƙari ba ka sani ba. Jera su bibbiyu, kowane biyu matakinsu ɗaya, ka rubuta lambobinsu a guntayen takarda, a zuba a hula, wani yaro ya zaro. Wanda ya fara fitowa ya shiga rukunin gwaji, ɗan'uwansa ya shiga ɗaya rukunin. Duka biyun su sami minti iri ɗaya da malami iri ɗaya. Yayin da kake tishe da waɗannan, waɗancan su sake karanta darasin jiya, kashegari ka sauya wanda ka fara da shi. In azuzuwa biyu gare ka masu kama da juna, jefa kwabo ya zaɓi wanda za a gwada. Bayan an gama, ba ɗaya rukunin abin da aka hana shi. Faɗa wa iyaye haka tun farko, kada wani uba ya ji a bakin ɗansa cewa an ware shi.

Kowace rana rubuta layi ɗaya: kwanan wata, su wa suka zo, ka yi abin ko ba ka yi ba, minti nawa. Ranar da ba ka yi ba, rubuta ba ka yi ba.

Kira ɗan'uwanka malami ya shigo

Sudan tana da tarihi a nan. Cibiyar horar da malamai ta Bakht al-Ruda, da aka kafa a 1934 kusa da Duwaim a bakin Farin Nilu, ta yi suna ne saboda ba ta fitar da darasi ga makarantun ƙasa sai an koyar da shi ga yara na gaske, an kalla, an gyara. A Japan ma malamai sun fi shekara ɗari suna shirya darasi tare, ɗaya ya koyar, sauran su zuba ido kan yara, sannan a zauna a tattauna. A 2018 Matthew Kraft da abokan aikinsa suka tattara bincike 60 a kan malamin da ake shiga ajinsa ana ba shi shawara a kai a kai, suka ga koyarwa tana gyaruwa sosai, sakamakon yara ma yana ɗagawa, ko da yake amfanin yakan ragu in shirin ya yi faɗi da yawa. Wato ƙaramin abu tsakanin mutum biyu ko uku da suka yarda da juna ba abin rainawa ba ne.

Sau ɗaya a mako ya zauna a bayan aji na minti ashirin. Kada ka ce masa "duba yadda nake koyarwa", zai ce madalla ya tashi, kunya ba za ta bar shi ya faɗi wani abu ba, balle in ka girme shi. Ba shi abin ƙirgawa. Ya ƙirga daƙiƙa nawa kake jira bayan tambaya, ko sau nawa ka kira mace, sau nawa namiji, ko ya zaɓi yara uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, ya rubuta abin da kowanne ke yi duk bayan minti biyu. Ranar Alhamis bayan an tashi, ku zauna kan shayi, kai ka fara faɗin abin da ka gani, shi ya karanta abin da ya ƙirga, ku tsayar da gyara ɗaya na mako mai zuwa. Mako na gaba kai ma ka shiga nasa ajin.

Sake aunawa, ka yi wa sakamakon adalci

Bayan mako shida, bari kwana bakwai su wuce, sannan a fito da takarda ta biyu ba tare da an sanar da yara ba. Abokin aikinka ne zai auna, kuma kada ya san wane yaro ke wane rukuni. Kai kana son abin ya yi nasara, kunnenka zai yafe kuren da bai kamata ya yafe ba.

Ƙirga yara nawa suka hau aƙalla mataki ɗaya a kowane rukuni. A ce yara ashirin-ashirin ne. In goma sha biyar suka hau a rukunin gwaji, takwas a ɗayan, ka sami abin da ya cancanci a sake gwadawa da wasu yaran. In goma sha ɗaya ne da tara, kada ka yi shela, zazzaɓin yara biyu ya isa ya kawo wannan bambanci. Koma kan rajistar zuwa. Idan masu rauni ne suka daina zuwa a rukuni guda, sakamakonsa zai yi kyau na ƙarya, don haka rubuta yara nawa aka fara da su, nawa aka gama da su, kuma ka bi sawun waɗanda suka ɓace, ko iyalinsu sun koma gida ne, ko gona ce, ko talla. Duba maza daban, mata daban, sannan waɗanda suka amsa da Hausa a aunawar farko, nawa ne yanzu suke amsawa da Larabci.

In ba a ga bambanci ba, buɗe littafin kullum kafin ka yanke wa hanyar hukunci. Cikin kwana talatin na karatu, sau nawa aka yi ta da gaske? In goma sha biyu ne, ba a gwada ta ba tukuna. In an yi ta yadda ya kamata kuma ba ta motsa komai ba, ajiye ta, ka mayar da mintocin ga wani abu.

Rubuta duka a shafi ɗaya: tambayar, yawan yara, abin da aka yi, jadawalin farko da na ƙarshe, da abin da ya kawo cikas. Ba mudir kwafi, karanta wa iyaye da Hausa a taronsu, ka kuma miƙa wa malamin da zai karɓi yaran a shekara mai zuwa, tare da takardun aunawa biyun da matakin da kowace lamba ta tsaya. Yaran da har yanzu suke matakin mafari bayan mako shida suna zuwa kullum, ware sunayensu daban, ka sa a duba idonsu da kunnensu kafin a shiga zagaye na biyu.